JIROLAMO KARDANO: LIKITAN DA YA GANO LISSAFIN CACA, AMMA CACA TA CI GIDANSA



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani matashi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce yana da tambaya. Shi dai bai musa cewa caca haramun ce ba. Abin da yake so in gane shi ne, wanda yake yi a wayarsa a kan wasan ƙwallo ba sa'a ba ce, nazari ne. Ya san ɗan wasan da ya ji rauni, ya san wa ke gida wa ke waje, har littafi gare shi da yake rubuta lissafinsa. A ganinsa jahili ne ake cinye wa kuɗi, mai ilimi kuwa sana'a yake yi. Na faɗa masa hukunci gwargwadon abin da na sani, amma na lura ba nan ne yake masa ƙaiƙayi ba. Da na koma gida sai wani mutum ya faɗo mini a rai, wanda in dai ilimin caca ne, ba na jin akwai wanda zai ce ya fi shi a zamaninsa. Ba Musulmi ba ne, Kirista ne ɗan ƙasar Italiya, ya rasu shekara ɗari huɗu da wani abu da suka wuce. Labarinsa zan ba ku yau. Mafi yawan abin da aka sani game da shi kuwa shi ya rubuta da hannunsa, ba maƙiyinsa ba.

Sunansa Jirolamo Kardano. An haife shi ranar 24 ga Satumba, 1501, a garin Pavia kusa da Milan. Mahaifinsa Fazio lauya ne kuma masanin lissafi, har yana hulɗa da shahararren mai zanen nan Leonardo da Vinci. Sai dai lokacin da aka haifi yaron babu aure tsakanin iyayensa, wato ɗan gaba da fatiha ne, kuma shi da kansa ya rubuta cewa an ba shi labari an nemi zubar da cikinsa da magani, Allah bai nufa ba. 'Yan uwansa uku da uwar ta haifa kafin shi annoba ta ɗauke su. Ya tashi da yawan laulayi, yana bin mahaifinsa a baya yana ɗaukar masa jakar littattafai.

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan duba duniyar da ya buɗe ido a cikinta, don kada wani ya zaci Turai ta wancan lokaci ba ta ɗauki caca laifi ba. Ta ɗauka fa. Tun a 1215 babban taron malaman coci ya hana limamansu wasan dayis, wato ɗan ƙashin nan mai fuska shida irin na ludo. A 1423 wani mai wa'azi, Bernardino na Siena, ya yi wa'azi a Bolonya har mutane suka kwaso karta da dayis da allunan wasa aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Almajirinsa Capistrano ya yi irin haka a Nuremberg ta Jamus a 1452, aka ƙona dubban dayis. Shekara huɗu kafin haihuwar Kardano, a 1497, Savonarola ya tara irin waɗannan kaya a Florence ya ƙona. Abin da ya fi damun masu wa'azin nan shi ne zagin Ubangiji da ɗan caca yake yi idan aka cinye shi, sannan ɓata lokaci, faɗa da wuƙa, da barin iyali da yunwa. Duk wanda ya karanta aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida zai ga cututtukan da suka lissafa ba baƙi ba ne a wurinmu: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla.

Amma a ɗaya ɓangaren, masu mulkin da suke sa hannu a dokar hani su ne manyan 'yan wasan. A Ingila, Sarki Henry na takwas, wanda shi kansa ɗan caca ne na bugawa a jarida, a 1541 ya hana leburori da barori da masu sana'ar hannu yin karta da dayis sai lokacin Kirsimeti, manya kuwa aka bar su. A Faransa Sarki Francis na ɗaya ya ba da izinin cacar tikiti a 1539 don baitulmali ya samu rabonsa. Talaka in ya yi laifi ne, basarake in ya yi nishaɗi ne, gwamnati in ta yi haraji ne. Wani abu kuma da bai kamata in ɓoye ba: ita kartar nan, masana tarihi sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai wajen shekarun 1370. Don haka ba wai muna nuna su da yatsa ba ne kamar mu garinmu tsaf yake.

A cikin wannan yanayi Kardano ya shiga jami'ar Pavia a 1520, yaƙi ya sa ya koma Padua, a can ya gama karatun likita. A can ne kuma caca ta zame masa abin dogaro. Mahaifinsa ya rasu a 1524, ɗan abin da ke hannunsa bai daɗe ba, sai ya ga ai da ƙwaƙwalwarsa zai iya cin abinci a teburin karta da dayis da shaɗaranji. Kuma gaskiya yakan ci, don ya fi abokan wasansa fahimtar abin.

Ga wani labari da ya bayar da kansa daga waɗannan shekaru. A birnin Venis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, ya zauna caca a gidan wani babban mutum ɗan majalisar birnin. Aka cinye kuɗinsa, washegari ya dawo aka cinye sauran. Can sai ya lura an yi wa kartar alama. Bai yi wata-wata ba ya zaro wuƙa ya yanki mutumin a fuska. Ƙofa a kulle, barorin gida na nan, amma ya yi ta maza ya tilasta aka buɗe masa, ya watsa wa mai gidan wani abu daga cikin kuɗin, ya fice. Ya yini yana ɓuya don tsoron hukuma, saboda ya zubar da jinin ɗan majalisa. Da dare ya zame ya faɗa cikin ruwa, ga shi da kaya masu nauyi a jiki. Wani kwalekwale da ke wucewa ya tsamo shi, yana ɗaga ido sai ga mutumin da ya yanka, fuska a ɗaure. Mutumin bai tona shi ba, ya ba shi busassun kaya ya saka, suka tafi Padua tare. To shi ma ai ba zai so a je gaban alƙali a yi maganar kartarsa ba. Wannan fa likita ne, masanin lissafi, ba ɗan tasha ba. Zama ɗaya ya kai shi ga zaro wuƙa.

Da ya nemi shiga ƙungiyar likitocin Milan, wadda sai da izininta ake aikin likita a birnin, suka ƙi shi. Hujjarsu ita ce haihuwarsa, ko da yake kaifin harshensa ma ya taimaka, don shi da kansa ya yarda cewa yakan faɗi abin da ya san zai ɓata wa mai sauraro rai. A nan kam an zalunce shi, domin ɗa ba ya ɗaukar laifin iyayensa. Sai ya koma wani ƙaramin gari kusa da Padua yana duba marasa lafiya, a can ya auri Lucia Bandarini a 1531. Daga baya suka koma Gallarate kusa da Milan, abubuwa suka tsaya cik. Maimakon ya nemi wata mafita, sai ya ƙara dulmiya a caca yana neman abin cefane. Wannan karon ba ta yi masa kyau ba. Ya jinginar da kayan adon matarsa, ya jinginar da kayan ɗaki. A 1534, shekarar da aka haifa masa ɗansa na fari, likita da matarsa da jariri suka ƙare a gidan gajiyayyu na Milan.

Ku lura da abin da ya fitar da shi daga wannan rami, don ba dayis ba ne. Wasu da suka san darajar iliminsa ne suka samo masa aikin koyar da lissafi a Milan. Ya fara warkar da mutanen da manyan likitoci suka gaza a kansu. A 1536 ya buga littafi yana fallasa kurakuran likitocin zamaninsa, abin da ya ƙara masa maƙiya amma ya fito da sunansa. A 1539 ƙungiyar da ta ƙi shi ta karɓe shi dole.

Kuna tsammanin daga nan ya daina? Ina! Ya ba da labarin wani basarake a Milan, Antonio Vimercati, da ya riƙa zuwa gidansa kullum kusan shekara biyu suna shaɗaranji a kan kuɗi. Basaraken yana wasa don nishaɗi, bai damu da asara ba, Kardano kuwa yakan koma gida da kamar tsabar zinariya ɗaya a rana. Saboda wannan ya yi watsi da marasa lafiyarsa da karatunsa. A ƙarshen watan Agusta na 1542 basaraken ya farga, ya ce ya tuba, har ya sa Kardano ya rantse ba zai sake taka gidansa don wasa ba. Rana ɗaya rijiyar ta ƙafe, ga shi ya kori masu zuwa neman magani da hannunsa. A wurina wannan labarin ya fi na wuƙar tsoratarwa, domin a nan ci yake yi ba a cinye shi ba, amma shekara biyu na aikin mutum irin wannan sun tafi a banza. Shi ne fa wanda da aka rufe masa ƙofar, bai cika shekara uku ba ya fitar da littafin da ya dawwamar da sunansa.

Littafin shi ne Ars Magna, wanda aka buga a Nuremberg a 1545, a fannin aljabara. A farkonsa ya ambaci cewa wannan fanni ya samo asali daga Muhammad ɗan Musa, wato Al-Khawarizmi. A wani littafin kuma da ya jero mutum goma sha biyu da yake ganin sun fi kowa kaifin basira a tarihi, ya saka Al-Khawarizmi da Al-Kindi. Wannan adalci ne da ya kamata a faɗa masa. Sai dai littafin ya zo da rigima: wata hanyar warware lissafi da ke ciki ya karɓo ta ne daga Tartaglia bayan ya yi rantsuwa ba zai buga ta ba. Daga baya ya ga takardun Scipione del Ferro da ya riga Tartaglia gano ta, sai ya ɗauka rantsuwar ta faɗi, ya buga tare da ambaton sunayensu. Tartaglia bai yafe masa ba har ya mutu.

Matarsa Lucia ta rasu a 1546, ta bar masa 'ya'ya uku: Giambattista, Chiara da Aldo. Ta sha wuyar tare da shi, daɗin kuwa kaɗan ta gani. Daga nan tauraronsa ya haska sosai. Ya zama farfesan likitanci a Pavia. A 1552 aka aiko masa tun daga Sikotland ya je ya duba babban limamin cocin ƙasar, John Hamilton, mai fama da asma. Ya tsara masa abinci da hutu da motsa jiki, ya sa aka raba shi da shimfiɗar gashin tsuntsu, mutumin ya samu sauƙi, ya cika shi da zinariya. A hanyar dawowa ya biya Landan ya gana da yaron sarki Edward na shida. Da yake Kardano yana taɓa duban taurari, sai ya duba wa sarkin ya ce zai yi tsawon rai. Shekara na zagayowa sarkin ya mutu yana ɗan shekara 15. Gaibu sai Allah. Makanikai ma suna da rabo a labarinsa: mahaɗin nan na farfelar mota da ke ba ta damar juyawa ko da ta karkace, har yau a harsunan Turai da dama da sunansa ake kiran sa.

Yanzu mu zo kan ɗan littafinsa na caca, Liber de Ludo Aleae, wanda ya kammala wajen 1564, babi 32 gajeru. Shi ne littafi na farko da aka sani da ya zauna ya yi wa sa'a lissafi a tsare. Abin da ya gano a yau yaron sakandare ya sani, amma a lokacin sabo ne. Dayis biyu in aka jefa, hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne, in uku ne 216. A cikin 36 ɗin nan, jimlar bakwai tana fitowa ta hanya shida, jimlar biyu ko sha biyu kuwa hanya ɗaya tak. Saboda haka sai ka ƙirga hanyoyin da za ka ci da waɗanda za a ci ka, a kan haka ake sanin kuɗin da ya dace kowa ya ajiye. Ya ce tushen wasa shi ne daidaito: a kuɗi, a wurin zama, a 'yan kallo, a dayis ɗin kansa. Wanda ya kauce wa daidaito don amfanin kansa azzalumi ne, wanda ya yarda aka kauce a kansa kuma wawa ne.

Bari in buga misali nawa da lissafinsa. A ce ka sa naira ɗaya a kan bakwai za ta fito. A jifa 36, a bisa ƙiyasi za ka ci sau 6, a ci ka sau 30. In ana son daidaito, duk cin da ka yi sai a ba ka ribar naira 5: shida sau biyar talatin, ka tashi ba riba ba asara. To mai gidan caca ba zai ba ka biyar ba, huɗu zai ba ka. Ka samu 24, ka rasa 30. Kana ci jefi-jefi, kana murna, kana ba abokai labari, amma aljihu yana yoyo. Kun ga inda lissafin ya kai mu: in wasan daidai ne, ba mai samun komai a ƙarshe sai asarar lokaci. In kuwa wani yana samu kullum, to ko dai an karkata ma'aunin ko ana maguɗi. Shi kuwa kamfanin da matashin nan nawa ke wasa da shi, ma'aikata gare shi da injuna da ba su da aiki sai wannan lissafin, kuma su ke yanka farashin.

Kardano ya san wannan sarai. A cikin littafin ya bayyana cewa babbar ribar da ake samu a caca ita ce mutum ya ƙi yin ta gaba ɗaya. Ya ce tana jawo fushi da rikicewar tunani, da faɗa a kan kuɗi. Ya ce likita ko lauya in aka gan shi a teburin, ko ya ci ko an ci shi mutuncinsa ne ke zubewa. Ya kare kansa da cewa yana rubutu a kanta ne kamar yadda likita ke nazarin cutar da ba ta da magani. Amma a littafi ɗaya kuma ya nemo mata uzuri, cewa tana rage baƙin ciki, ana barin fursuna da marar lafiya su yi. Ya zayyana dabarun maguɗi: shafa wa karta sabulu don ta yi santsi, yi mata alama, madubi a jikin zobe, ɗan kallo da ke tsaye bayanka yana ba abokinsa ishara. Kai ka ce mutum biyu ne suka rubuta littafin, ɗaya mai wa'azi ɗaya ɗan hannu. Aya ta 219 a Baƙara ba ta musa cewa akwai ɗan amfani a giya da caca ba, auna su ta yi, ɓangaren zunubi ya rinjaya. Shi ma ya auna, ya samu amsar, kuma ya rubuta ta. Tashi daga teburin ne ya gagare shi.

A tarihin rayuwarsa da ya rubuta yana tsoho, ya yi iƙirarin cewa ya yi shaɗaranji sama da shekara 40, dayis kuwa kamar shekara 25, kuma kullum, ba sa'i-sa'i ba, yana mai jin kunyar faɗa. Ya ce ya yi asarar mutunci da dukiya da lokaci. Uzurinsa shi ne ba son kuɗi ko son wasan ya kai shi ba, ƙuncin halin da yake ciki ne yake gudu. Na yarda da shi a nan, don yawancin waɗanda na zauna da su a kan wannan matsala wani abu suke gudu: rashin aiki, bashi, gorin gida. Sannan ya faɗi wadda ta fi kowacce ciwo, cewa 'ya'yansa sun koyi wasan a gidansa, kuma ƙofarsa ta sha buɗewa ga 'yan caca.

Babban ɗansa Giambattista ya zama likita, shi ne abin alfaharinsa. A ƙarshen 1557 ya auri wata yarinya, Brandonia Seroni, a ɓoye ba da son uban ba. Auren bai yi albarka ba, dangin matar suna tatsarsa, ita kuma ta yi masa gorin cewa 'ya'yan ba nasa ba ne. A 1560 ya sa mata guba a cikin waina, ta mutu. Aka kama shi ya amsa laifi. Uban ya tsaya da kansa yana kare shi, dangin matar suka nemi kuɗin sulhu da ya fi ƙarfinsa, a watan Afrilu aka fille wa saurayin kai a kurkuku yana ɗan shekara 25. Ba zan ce caca ce ta jawo wannan ba, ba ni da hujja, kuma ba a yi wa mamaci ƙage. Kardano dai bai sake dawowa daidai ba. Ya ɗauki jikansa ya riƙe, zaman Pavia ya gagare shi, ya koma koyarwa a Bolonya a 1562.

Na ƙaramin, Aldo, shi kam ba sai an yi dogon bincike ba. Ya tashi ɗan caca, abokansa ɓata-gari, yana shiga kurkuku yana fita, uban yana biyan bashi. A 1569, bayan ya ƙarar da abin hannunsa, ya haɗa baki da wani suka fasa gidan mahaifinsa suka kwashe kuɗi da duwatsu masu daraja. Tsoho ɗan shekara kusan 68, wanda ya riga ya binne ɗa ɗaya, shi da kansa ya kai ƙarar ɗayan wurin hukuma, aka kore shi daga Bolonya. Uban ya yi wasan da lissafi, ɗan ya gaji wasan bai gaji lissafin ba. Haka abin yake zuwa: kai kana ganin ka san iyakarka, yaron da ke leƙen wayarka ta bayan kafaɗa bai ga iyakar ba, wasan kawai ya gani.

A watan Oktoba na 1570 kotun coci mai binciken aƙida ta kama Kardano. Ana danganta kamun da rubuce-rubucensa, musamman duban taurari da ya yi wa haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kamar dai taurari ne ke juya rayuwar Annabi. Ya yi kwana 77 a tsare, sannan ɗaurin talala a gida, aka raba shi da kujerarsa, aka hana shi koyarwa da buga littafi. A 1571 ya koma Roma, daga baya Fafaroma Gregory na goma sha uku ya yanka masa ɗan fansho. A can ya zauna yana rubuta tarihin rayuwarsa, bai ɓoye aibinsa ba, har haƙoran da suka rage masa a baki sai da ya ƙirga. Ya rasu a watan Satumba na 1576, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 75.

Ɗan littafin cacar bai ga ɗab'i ba yana raye. Yana cikin takardunsa har 1663, shekara 87 bayan mutuwarsa, lokacin da aka tattara ayyukansa aka buga a Lyon ta Faransa cikin manyan mujalladai goma. Kafin nan Pascal da Fermat sun riga sun sake gano lissafin a wasiƙunsu na 1654, su ma a dalilin tambayar wani ɗan caca, kuma su duniya ta fi sani da shi. A Venis kuwa, birnin da ya yanki ɗan majalisa a kan karta, tun 1638 hukuma ta ba da izini aka buɗe gidan caca na jama'a mai suna Ridotto, 'ya'yan sarauta ne kaɗai ke da ikon riƙe banki a teburansa. Sai a 1774 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a ta rufe shi, saboda ya talauta gidajen manyanta.